Gyaran da ya kusa kore ni daga makaranta

Shekarun baya, lokacin ina shekarar farko a wata makarantar koyon aikin lafiya a Ƙaura, ruwa ya kusa mayar da ni gida. Ruwan sha fa, wanda kowa ya raina.

Mahaifina mai awo ne a Kasuwar Daji, a gindin buhun gero na tashi. Abin da ya fara koya mini shi ne idan tiya ta cika ta yi tozo, a ƙara ɗan tafi ɗaya a kai. Yakan ce, "Gara mai saye ya tafi da naka, da ka tashi gaban Allah da ƙwayar wani." Hannuna ya haddace wannan tun kafin in iya rubuta sunana.

A darasin kemistiri aka ba mu aikin gano dansiti, wato nauyin abu idan an raba shi da yawan wurin da ya cika. Za ka auna mililita talatin na ruwa a wata doguwar kwalba mai layi-layi, ka juye a kofi, ka ɗora a sikeli, ka cire nauyin kofin, ka raba da talatin. Kowa ya san amsar: giram ɗaya a kowace mililita. Kowa ya samu, ban da ni. Ruwana giram 31.9 ya yi. Na danna kalkuleta, ta ba ni 1.0633333, na kwafe duka har da jelar, ina jin kaina wani masani.

Malaminmu ya duba takardar ya ce, "Sikelinka lamba uku ya faɗa maka. Sauran biyar ɗin wa ya ba ka?" Ya ja musu jan biro. Sannan ya ce ko an yanke jelar, amsar ba daidai ba ce. Na faɗi gwajin. Saura dama ɗaya bayan mako biyu, wanda ya sake faɗuwa kuma sai ya tattara kayansa.

Makonnin nan biyu ban zauna wuri ɗaya ba. In ɗauki littafi, in ajiye, in fita bakin titi, in dawo. Abinci ma a tsaye nake ci. Kullum ina ɗakin gwaji ina maimaitawa, kullum ruwana ya fi na kowa nauyi. Na ce sikeli ne, na canja sikeli. Na ce ruwan Ƙaura ne ke da gishiri, wallahi har garin Banga na hau mashin na ɗebo ruwan rijiya a gora. Shi ma ya ci amanata. Tsoro ya kama ni sosai, don na riga na ga kaina na koma bayan buhu, mutanen kasuwa suna tambayar Baba ina likitan nasa.

Ana saura kwana biyu, abokina ɗan Zurmi, wanda muke zama benci ɗaya, ya gaji da zirga-zirgata. Ya ce, "Tsaya, auna ina kallo."

Na zuba ruwa har ya kai layin talatin. Na ɗaga kai zan yi magana, sai na ga yana dariya har da riƙe ciki.

"Wa kaka yi ma gyara?" in ji shi.

"Wane gyara?"

"Ruwa ya kai layi, ka tsaya, sannan ka ƙara ɗan tsiyaye. Nan ba Kasuwar Daji ba ta."

Na rantse ban yi ba. Ya ce in sake. Na sake, ina kallon hannuna, sai ga shi ya karkata da kansa bayan layi. Kusan mililita biyu nake ƙarawa, sannan in raba da talatin kamar ban ƙara komai ba. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata.

Ranar gwaji na durƙusa har idona ya yi daidai da layin, na riƙe hannun dama da na hagu. Da ruwa ya kai, na ajiye gorar can nesa. Giram 29.9. Na raba, na rubuta 0.997, lamba uku, na ajiye biro. Na ci. Amma na fito ina jin kamar na tauye wa wani mudu.

Yanzu a ɗakin magani nake aiki a Shinkafi, kuma na gane abin da ban gane ba a lokacin. Baba yana ƙarawa don kada ya cuci mutum, ni ina tsayawa a layi don kada in cuci mutum. Tsoron ɗaya ne. Sai dai har yau in ina auna maganin jariri, ina jin hannun nan yana son karkata, sai in ja numfashi.

Bara Baba ya kwanta da tari, na je gida na auna masa magani, mililita goma cif. Ya ɗaga ɗan kofin ya duba layin, ya dube ni.

"Yanzu ɗan nan, ko gyara babu?"

Na ce, "Baba, wanga awo ba a yi mai gyara."

Ya shanye yana yamutsa fuska. Na tashi na dama masa fura, na cika kwanon har sai da ta zubo mini a hannu.