Ƙofar da Ke Rufe Kanta

Shekara biyu na yi ina shara da duba janareta a wani gini a Talata Mafara, inda aka jera kwamfutoci masu ajiye bayanan mutane. Ni mutumin Morai ne, da ruwa na san ana kashe gobara, don haka na ajiye bokiti cike bakin ɗakin. Injiniyan wurin ya ce in zubar. Ya nuna mini wasu jajayen tukwanen gas, ya ce in wuta ta tashi ƙararrawa za ta kaɗa, ƙofa ta rufe kanta, iskar cikin tukwanen ta shaƙe wutar.

Na ce, "Yallaɓai, in ina ciki fa?"

Ya yi dariya. "Sai ka yi sauri, Baba."

Gwiwata ta daɗe da lalacewa, shi ma ya sani. Tun ranar ban ƙara shiga ba sai na tokare ƙofar da dutse. Sau biyu yana kama ni, wai sanyi na fita, injina na zafi. A na uku na miƙa mishi tsintsiyar, na ce aikin janareta ya ishe ni, mai ƙafa ya share ɗakin nan.