Ranar da Na Ji Muryata a Kasuwa

Shekara biyu na yi ina fama da ciki kafin in gaya wa kowa. In na ci tuwo sai ya tsaya mini a ƙirji, cikin ya kumbura, zafi yana tasowa har maƙogwaro. Ana cikin haka al'adata ta rikice. Wata biyu shiru, in ta zo kuma sai ta kwana goma sha biyar ba ta ɗauke ba, ni da salla sai kallo. Zufa ta riƙa karyo mini ko ana sanyi. Haihuwa bakwai na yi, jikina bai taɓa yi mini haka ba.

Mutum ɗaya na gaya wa, aminiyata. Tare muka yi makarantar yaƙi da jahilci a nan Madarumfa, tabarma ɗaya, har fensir ɗaya muke karyawa biyu. Muna da wani kwanon samira mai murfi da ya yi shekara goma sha takwas yana yawo tsakanin gidajenmu. In na yi dambun zogale in aika mata, in mijinta ya samu kifi a tabki ta aiko mini. Kwanon nan bai taɓa komawa wayam ba.

A lokacin ta fara sayar da maganin Indiya, wanda ake kawo mata daga tsallaken iyaka, ayurbeda take ce masa. Ta zaunar da ni ta ce in riƙa shan ruwan ɗumi da safe kafin komai, in jiƙa hulba, in sa kurkum da citta a kunu, in bar ruwan ƙanƙara, in ci da yawa da rana, in rage da yamma. Ta ba ni wani gari a gwangwani, ta ce in riƙa shafa man riɗi a tafin ƙafa. Ba zan yi mata ƙarya ba, cikin ya lafa. Jinin ne dai bai tsaya ba sai da na je likita. Ungozomar can ta duba ni, ta ce shekaru ne suka zo, ta ba ni ƙwayoyi da maganin ƙarin jini.

Wata rana da hantsi aminiyar tawa ta shigo ɗakina, ta zauna, ta ajiye salularta a gefen tabarma.

"Ƙawata, kin ga yadda kika yi fes? Mai gida zai ce an yi masa sabuwar amarya."

"Ke dai ba ki girma," na ce.

"Ba ni labari mana tun daga fari. Yaya ma abin yake yi miki?"

Na ba ta, muna dariya. Na faɗi na ciki, na faɗi na jini, yawan tsummokaran da nake wankewa a ɓoye, har da yadda na yi wata huɗu ina ƙaurace wa mai gida ina cewa ciwon baya ne. Abin da ko mahaifiyata ban taɓa gaya wa ba.

Bayan wata guda na kai latas da tumatir na lambunmu kasuwa. Na baza kaya ke nan sai ga wani mai tura baro cike da gwangwanaye, da amsa-kuwwa ɗaure a gaba. Wata mata ce ke magana a ciki. Na ce a raina, wannan wace marar kunya ce ke tona kanta haka? Sai na ji matar ta ce "to, ni dai", ta yi ɗan tari. Tarina ne. Muryata ce, tana gaya wa kasuwa duka kwana nawa jini yake yi mini, da zancen ciwon baya. Inda na ce na je likita an yanke shi. Daga nan sai muryar namiji ta hau, wai gwangwani ɗaya ya warkar da wannan baiwar Allah.

Mai sayar da albasa da ke kusa da ni ta sunkuyar da kai tana ta jera albasar da ta riga ta jera. Na ɗaga ido, na hangi ɗana na fari a bakin tasha, saman motar da yake ja, yana ɗaure buhuna. Ya tsaya da igiya a hannu.

Ɗan fari ne. Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Ko laulayin ƙannensa ɓoye masa na yi. Shekara talatin ina riƙe da wannan kunya, aka zubar da ita a gabansa da tsakar rana.

Ban san yadda na kwashe kayan ba. Gidan aminiyar tawa na wuce, na same ta tana tankaɗe.

"'Yar uwa, muryata na ji a kasuwa."

Ta yi dariya, ba ta ko ajiye rariyar ba. "Haba ƙawata, ai ba a faɗi sunanki ba."

"Akwai wanda bai san muryata ba a garin nan?"

"Taimako ne fa. Mata nawa ke fama da irin naki suna ɓoyewa? Lada za ki samu."

"Da kin tambaye ni."

"Da na tambaye ki ai ba ki yarda."

Ashe ta sani. Na tambaye ta don me aka cire zancen likita, ta ce mai baron ne ya ce maganar ta yi tsawo. Na tsaya ina jiran ta ce in yi haƙuri. Cewa ta yi in zauna in sha fura.

Kwana uku ɗana bai shigo gaishe ni ba, shi da ko Maraɗi zai tafi sai ya leƙo. Ran na huɗu ya yi sallama, ya durƙusa daga bakin ƙofa, idonsa a ƙasa. Ya ajiye wani ɗan kati kamar farce a kan tabarma, irin wanda ake sa wa amsa-kuwwa.

"Inna, ga wannan. Mutumin ba zai ƙara sawa ba."

"To."

"Jikin fa?"

"Da sauƙi."

Ya tashi ya fita. Mun san mu biyu cewa maganar ta riga ta shiga salular mutane, don wata 'yar ƙanwata da ke aure a Safo ta ce can ma an ji. Yana zuwa gaishe ni har yau, amma daga bakin ƙofa, kuma ba ya daɗewa. A da yakan zauna ya ba ni labarin hanya.

Ruwan ɗumi ina sha har yanzu, hulba ma ina jiƙawa, ba su suka yi mini laifi ba. In wata ta tambaye ni abin da na yi, sai in rubuta mata a takarda da hannuna, har da zuwa likita, in ninke in ba ta.

Sati biyu bayan abin aminiyar tawa ta aiko mini da kwanon, cike da soyayyen kifi. Na juye wa maƙwabta. Na wanke shi da toka har ya yi ƙyalli, na rufe, na kai mata da kaina. Ta karɓa tana murmushi, ta ji shi sakayau, ta buɗe. Ta dube ni, na dube ta. Na ce a gaida yara, na juyo.