Wandon Ɓarawon Akuya

A makarantar da nake koyarwa a unguwar Lokuwa, cikin Mubi, duk ƙarshen shekara ƙungiyar wasan kwaikwayo takan nuna wani abu ranar rabon kyaututtuka, kuma ni ne aka ɗora wa ƙungiyar, don ranar da aka raba ayyuka ina gida da zazzaɓi. A shekarar da nake ba da labari muka shirya wasa a kan ɓarawon akuya, sai aka rasa ɓarawo. Yaron da ya fito a ɓarawo a wasan bara har lokacin ba a daina kiransa da sunan ba, uwarsa kuwa ta zo makaranta ta yi mana bayanin tarihin zuriyarsu tun daga kan dutse.

Na taɓa ganin finafinan da ake yi da 'yan tsana masu zare, mutum na sama yana ja, suna tafiya suna magana. Na ce mu yi haka, mu ɗauka da waya, mu haska a bango. Hujjata a gaban shugaban makaranta ita ce ɗan tsana ba shi da dangi, babu mai zuwa ƙorafi a kansa.

Ɗalibai suka sassaƙa kawuna, suka ɗaura zaren kamun kifi a gwiwa da hannu. Tufafi kuwa na kai wa telan unguwarmu, abokina, mutumin da bai taɓa mayar wa kowa ragowar yadi ba. Na ce ɓarawo a yi masa tsumma.

"Malam, tsumma ba ya fita daga shagon nan," in ji shi. "Ɓarawon da ya san aikinsa ai ya fi mai akuya ado."

Ya ɗinka masa babbar riga da 'yar ciki da wando da hula, duk na wata shadda mai ruwan hoda, har da buhun saka akuya. Na yaba. Muka ɗauki fim ɗin a bayan aji, ɓarawo yana tafiya kamar mai ciwon ƙugu, rigarsa tana ƙyalli.

Surukina dillalin shanu ne, mazaunin Nassarawo. A cikin garke ɗari yakan nuna saniyar da ya sayar shekarun baya. Ni kuwa tun da na auri 'yarsa ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba. In na je gaisuwa sai in durƙusa daga bakin zaure, idona a ƙasa, yadda aka koya mana. Saboda haka ilimina a kansa ya tsaya ne a takalmi da ƙafar wando. Na san takalmansa ɗaya bayan ɗaya. Na san kuma tun ƙaramar salla farin wando yake sawa. Abin da ke sama da gwiwa ba ya cikin manhajata.

Ranar taro aka rufe tagogin ɗakin da zannuwa don hasken rana. Surukina ya zo a matsayin babban baƙo, ni na gayyace shi, aka ba shi kujerar gaba. Ina gefe wurin majigi. Ɓarawo ya leƙo ta katanga, sai na ji dariya ta fara daga baya, tun bai taɓa akuya ba. Na ɗauka gwanintar masu jan zare ce. Matata ta ratso mutane ta zo kusa da ni.

"Baban yara, ka dubi Baba."

"A nan? Cikin jama'a?"

"Ka dubi rigarsa, na ce."

Na duba. Shadda mai ruwan hoda, wadda ɗansa ya aiko masa daga Garwa, babu irinta a Mubi sai a jikin mutum biyu, ɗaya yana kujerar gaba, ɗaya yana bango yana cusa akuya a buhu. A bayan surukina kuwa abokan sana'arsa ne zaune, mutanen da in suka laƙaba maka suna sai ya bi ka har jikoki. Na san in aka tashi a haka, gobe a kasuwar shanu ɓarawon akuya za a kira shi, kuma ni na saya masa sunan.

Fim ya ƙare, aka yaye zannuwa. Babban baƙo ya miƙe don jawabi, ya gyara rigarsa a kafaɗa sannu a hankali, yadda kowa zai ƙara ganinta.

"Ɓarawon nan na san shi," ya ce. "Kafin ya saci akuya ni ya fara yi wa sata. Ina telan?"

Tela yana dab da ƙofa, takalmi a hannu. Aka dawo da shi.

"Da na kawo maka yadin nan, me ka ce mini game da wando?"

"Na ce bai isa ba, Alhaji."

"Bai isa ba. Amma ya ishi wannan riga da wando da hula, har da buhu."

"Alhaji, shi ai ƙaramin mutum ne."

"To ni ma da ka ɗinka mini buhun."

Dillalai suka kwashe da dariya, laƙabin kuwa ya tashi daga kujerar gaba ya sauka a kan tela. Har yau in ka tambayi mai keke shagon Bai Isa Ba, zai kai ka.

Da yamma na je Nassarawo da ɗan tsanan a leda, na durƙusa inda na saba, ina jera haƙuri ga takalmansa. Ya karɓi ɗan tsanan, ya juya shi, ya ce ɗinkin wandon ba laifi, ya rataye shi a ƙusar zaure tunda kayan jikinsa nasa ne.

"Malam, kunya abu ne mai kyau," ya ce. "Amma daga yau in ka zo, ka ɗago kai sau ɗaya ka ga abin da na sa, sannan ka koma wa takalmi."

Na ɗago. Ashe yana da gemu.