Bindigogin Cyprian a Hannun Yaran Fagge

Cyprian mai yankan makulli ne a bakin Kasuwar Sabon Gari. A nan aka haife shi, Hausarsa ma ta fi tawa daɗi. Ni tela ne a Fagge, kuma bindiga ce ta haɗa mu, ni da ko tayar keke ta fashe sai na yi salati.

Ba ta gaske ba fa. Tun yana saurayi yake tara tsofaffin bindigogin wasa na ƙarfe, ƙanana na hannu, kwaikwayon na farko-farkon nan masu ɗura wa kansu harsashi. Ta farkon babansa ne ya saya masa da Kirsimeti, wata mai doguwar ƙota kamar muciya. Sauran a wurin 'yan gwangwan ya tsinto su. Da man keken ɗinkina yake goge su, ni na ɗinka wa kowacce riga. Bai taɓa jan kunamar ko ɗaya ba, wai kada ƙarfen ya gaji. A akwatin gilashi ya kafa su a bango, ta gilashin 'ya'yansa suka girma suna kallonsu.

Da dangin mai neman 'yarsa Adaugo za su zo gaisuwa, matarsa Monica ta rantse ba za a ga bangonta a ce gidan 'yan fashi ne ba. Sai ya ba ni amanar bindigogin, don na sha cika masa baki cewa kakana maharbi ne.

Na zuba su a buhu, na kai gida sharkaf da gumi, na tura ƙarƙashin gado. Matata Zaituna ta tambaya, na ce kayan wasan yara ne, don kada kalmar bindiga ta tsallaka katanga. Ana gobe Sallah ke nan.

A unguwarmu kuwa yaro bai yi Sallah ba sai da bindiga. Na dawo daga idi na tarar lungunmu ya zama filin daga. Zaituna ta raba wa yara bindigogin barka da Sallah, har tana yaba mini, wai ashe ina da hannun kyauta.

Cyprian ya zo cin tuwon Sallah kamar kowace shekara, ya same ni cikin babbar riga ina bin yara da alewa ina roƙo, suna ta harbina. Kunya ta kama ni, na so ƙasa ta tsage.

Ya tsaya yana kallon wata yarinya mai lalle riƙe da wadda babansa ya saya masa, tana jan kunamar, ƙas, ƙas, tana dariya.

Na ce bari in karɓo masa. Ya riƙe mini hannun riga.

"Ƙyale ta, Malam Dabo. Ashe haka ƙararta take. Adaugo ta yi ta kuka a kanta tana ƙarama, na hana ta."