Kayen da Muka Sha a Cadawa

Ina aji uku a kwalej a Maradi, shekarar da ta biyo bayan samun mulkin kai, Baturen da ke koya mana wasanni ya tattara ya koma gida. Aka kawo mana wani mushe, wato malami, ɗan ƙasa, saurayi siriri wanda bai girme mu da yawa ba. Shi ya gaji ƙungiyarmu ta ƙwallon kwando, tare da ƙwallo biyu, ɗaya ma tana sacewa.

Gasar da ake yi tsakanin kwalejoji, wadda ake rubuta sakamakonta a aika Yamai, ba ta farawa sai sanyi ya ja baya. Kafin nan abin da muka saba shi ne mu gayyaci samarin wata unguwa da ke bayan makaranta, mu lallasa su, mu koma ɗaki muna yabon kanmu. Daraktan makaranta yana son haka, don kullum labari mai daɗi ake kai masa buro, wato ofishinsa. Ni ma ina so. Na fi kowa tsawo a ƙungiyar, kuma yawancin ƙwallon da ke shiga kwando daga hannuna take fita.

Mushe ya zuba mana ido sau biyu muna wannan wasa. A na uku ya tara mu gindin itacen bedi ya ce, "Ban san ko kun iya ba. Ku ma ba ku sani ba. Waɗannan yara tsoronku suke ji tun kafin a hura usur. Ina son in gan ku gaban mutanen da ba su san sunanku ba."

Ya ji labarin cewa a Cadawa wasu tsofaffin sojoji da suka dawo daga aikin sojan Faransa sun kafa kwando, kuma malaman lakol, wato makarantun boko, na kewayen Agye sukan haɗu su yi wasa da su. Sai ya ce zai haɗa ƙungiyoyi uku a wuni ɗaya, da kaka, kowa ya kara da kowa, ba kofi, ba takarda. Da yake ni ɗan Cadawa ne, ni ya ba wasiƙa ranar hutu in kai.

Shugaban sojojin nan na san shi tun ina ƙarami, amma a matsayin tela. Gajere ne mai ɗan tumbi, yana da keken ɗinki a bakin kasuwa, kowa Sarja yake ce masa. Dangin mahaifiyata ne na nesa, saboda haka Kawu nake kiran shi. Na same shi yana ɗinke wuyan riga. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa wasiƙa. Ya ce in karanta masa, idonsa na kan allura. Da na gama ya ce, "Ku taho washegarin kasuwa, sannan mutane sun huta. Ka ce ma mushenku abinci namu ne, shi ya zo da usur, namu ya ɓace."

Na fito ina dariya a zuciyata. Wai wannan mai tumbin ne za a ce ya tare ni. Kafin in bar gari sai da na bi gidajen dangi ɗaya bayan ɗaya ina cewa kowa ya fito ranar ya ga abin da ake koya mana a birni.

Darakta bai so tafiyar ba. Ya ce in ɗaliban kwalej suka je ƙauye aka ci su, me zai gaya wa manyansa? Mushe ya yi ta bin sa har ya sa hannu. Wata motar gyaɗa da za ta koma gabas ba kaya ta kwashe mu da sassafe, mu tara da Mushe, muka zauna kan buhunan da aka zazzage, ƙaiƙayi na cin ƙafafunmu.

Filin ya ba mu mamaki. Matan unguwa ne suka daɓe shi kamar yadda ake daɓen tsakar gida, ya yi sumul, sai kusurwa ɗaya da rairayi ya ci ƙarfinsu. Ginshiƙan azara ne, allon kuma katakon tsohuwar mota, zoben maƙerin gari ya lanƙwasa shi. Ba raga. In ƙwallo ta wuce ta tsakiya sai an dubi wani dattijo da aka zaunar kan kujera ƙarƙashin kwando, shi zai ɗaga sanda a san ta shiga. Mutane sun cika gefe, wasu kan amalanke, wasu kan katanga. Na hango Inna, mahaifiyata, da ƙannenta biyu can baya, sun ja mayafi.

Da malamai muka fara. Sun iya, amma numfashi ya yanke musu da wuri, muka ci su ba da wahala sosai ba. Duk ƙwallon da na jefa sai in ji guɗar ɗaya daga cikin innonina. Sarja yana zaune ƙasa a gefen fili, ya harɗe ƙafafu, yana cin gyaɗa. Bayan mu, sojoji suka kara da malamai, mu kuwa ba mu ko kalla ba, muna can inuwa muna shan fura muna ba'a.

Rana ta ɗan karkata aka kira mu da sojoji. Babu wanda bai haura talatin ba a cikinsu, biyu ma babu takalmi. Sarja ya zo ya tsaya gabana, kansa iyakar kafaɗata. Aka miƙo mini ƙwallo, na buga ta ƙasa zan wuce, sai na ji hannuna wayam. Yana can ya miƙa wa wani, wancan ya miƙa wa wani, dattijo ya ɗaga sanda. Na ce kuskure ne. Aka sake miƙo mini, ya sake ɗauke ta. A karo na uku ma bai wahalar da kansa ba, ya riga ni isa inda zan taka, na bangaje shi, Mushe ya hura usur ya ce laifina ne.

Su ba sa gudu. Ƙwallo ce ke yi musu gudun, daga hannu zuwa hannu, suna kiran juna da gajerun kalmomi na bariki. Kuma sun san kusurwar nan mai rairayi, sai su yi ta kora mu can, ƙwallo ta mutu a ƙasa mu tsaya muna dube-dube. Wani daga kan katanga ya ɗaga murya ya ce, "Dogo, tela ya auna ka!" Fili duka ya fashe da dariya. Guɗa kuwa ban sake jin ta ba.

Da aka huta, Mushe ya dube ni ya ce, "Zauna." A gaban mahaifiyata. Ya sa wani abokin karatunmu ɗan Gangara, gajere, mai shiru, wanda tun farkon shekara ba mu cika miƙa masa ƙwallo ba don ba ya jefawa. Ina zaune ƙasa, na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. Yaron nan ba ya riƙe ƙwallo. Kafin ta iso hannunsa ya riga ya san wanda zai ba. Abokan wasanmu da suka saba tsayawa suna kallona suka fara motsi, suna samun ƙwallo a wuraren da ba su zata ba. Muka matso kusa ƙwarai, har sojojin suka daina murmushi. Amma lokaci ya ƙare suna gabanmu.

A gidanmu aka sauke baƙi. Inna ta tuƙa tuwon hatsi da miyar kuka, an yanka zakaru biyu. Kowa ya sa hannu ban da ni. Na zagaya bayan rumbu na zauna. Can sai ga Sarja da ƙwallo a hammata, yana suɗe yatsu.

Ya ce, "Ɗana, tashi. Mi ya hana ka cin tuwon uwarka?"

Na ce, "Kawu, kun kunyata ni gaban gari."

Ya ce, "Kai ka kira garin, ba ni ba." Ya yi ƴar dariya, sannan ya zauna kusa da ni. "Sa'ad da kuke wasa da malamai, ni kai nake kallo. Ko sau ɗaya ba ka bi hagu ba. Kuma kafin ka motsa sai ka dubi inda za ka. To mi ya rage mini? In je can in jira ka. Da kai ma ka kalli wasanmu da malamai, da ka ga gwiwata ta dama ba ta lanƙwasuwa. Da ka bi ta nan sau biyu, da na nemi wurin zama."

Ya ce shi ma da aka kai su bariki a ƙetare haka aka yi masa, wata guda cur ana ƙwace masa ƙwallo. Ya ciro wani ƙyalle daga aljihu, ragowar ɗinki, ya ɗaure mini hannun dama a ƙugu, ya ce in buga da hagu daga rumbu zuwa turken awaki. Ƙwallo ta kuɓuce ta shiga cikin awaki. Na ɗauko na sake. Inna ta leƙo ta gan mu, ta koma, ta dawo da kwanon tuwo ta ajiye kan turmi. Sai da na je na dawo sau da yawa sannan ya kwance ni ya ce in ci.

A mota, da muka kama hanyar komawa, Mushe ya ce kowa ya faɗi abu ɗaya da ya gano game da kansa, ba game da wani ba. Wani ya ce in an matsa masa sai ya rufe ido ya jefa. Wani ya ce bai taɓa sanin yana gajiya da wuri haka ba. Da aka zo kaina na ce hannu ɗaya gare ni. Daga ƙarshe ɗan Gangara ya ce, "Ni na gano ashe ina da amfani." Ba wanda ya yi dariya.

Washegari darakta ya kira Mushe buro, muna jin faɗansa ta taga. Abin da muka ji Mushe ya amsa kawai shi ne, "Ranka ya daɗe, wannan kayen ba a rubuta shi ko'ina ba, kuma saura wata uku mu gyara. Da a gasa muka sha shi, da ba sauran lokaci."

Wata ukun nan mun yi aiki. Ɗan Gangara ya zama shi ke raba ƙwallo, ni kuma aka mai da ni ƙarƙashin kwando, inda tsawona ke da amfani. Ban so ba da farko, daga baya na ji daɗin wurin. Da gasa ta zo ba mu ɗauki kofi ba. Amma akwai wata kwalej da ta saba cin mu kowace shekara ba tare da ta yi gumi ba, a shekarar nan mun ci ta a filinta, kuma ko da suka wuce mu a farkon wasa babu wanda ya rikice a cikinmu. Mun riga mun san yadda abin yake.

Da damina ta kusa sauka, wata wasiƙa ta zo wa Mushe daga Gidan Rumji. Wani malamin asibiti ne ya rubuto. Ya ce sun ji labarin haɗuwar Cadawa, su bakwai ne, suna da ƙwallo ɗaya, suna so a sa da su kaka mai zuwa. Sai dai ba su da fili, kuma babu wanda ya san awonsa a cikinsu. Mushe ya aike ni kasuwa na sayo doguwar igiya. Ni da ɗan Gangara muka ja ta a filin makaranta, muka ƙulla ƙulli ɗaya a faɗi, biyu a tsawo, uku a tsayin kwando. Muka naɗe ta tare da takardar bayanin ƙullin, muka ba wani direba mai zuwa yamma, muka roƙe shi ya damƙa ta a hannun malamin asibiti, kada ya bari kowa ya kwance ƙullin.