Verlie, Kin Bar Mini Kaji da Hannu Mai Rawa

Ranar Talata tara ga watan Yuli, da hantsi, Allah ya karɓi ran Verlie Combs a kan kujerarta ta baranda, tana ɓarar wake. Mai kawo wasiƙu ce ta same ta. Ranar Juma'a muka hau da ita makabartar tudu, muka kwantar da ita kusa da yayarta Oleta, matata. Ni ne Doyle Napier, maƙwabcinta na tsallaken rafi. Karatuna bai wuce aji uku ba, ramin kwal ya cinye sauran. Fasto ya ce in kawo ya gyara mini rubutun kafin ya shiga jaridar gunduma, na ce yadda na rubuta haka za a buga.

Verlie, mutanen kwarin nan da ƙwai suka san ki. Shekarar da aka rufe ramin kwal, babu gida mai yara da bai wayi gari ya tarar da ƙwai a bakin ƙofa ba. In an yi miki godiya a coci sai ki haɗe rai ki ce ba ki san zancen ba. Da Oleta ta kwanta ciwon ajali, ke kika riƙa tsallako rafi da romo da burodin masara, ki kore ni waje, ki yi mata wanka, ki taje mata kai. Ban taɓa jin kin ce kin gaji ba.

Amma abin da mutane ba su sani ba shi ne asalin kajin nan wake-wake. Kakarku Arminta ce ta shigo da kakanninsu a kwando bayan alfadari, tun babu hanyar mota. Ni kaɗai na rage da na san wannan, kamar yadda ni kaɗai na san waɗanda ke kwance ƙarƙashin duwatsun tudu marasa suna. Irinsu bai taɓa yankewa ba, daga hannunta zuwa na mahaifiyarku zuwa naki.

Aibinsu ɗaya ne, yawan gashi a gindi. In zafi ya yi sai su cika shan ruwa, kashi ya tsinke ya manne a gashin, ya bushe ya yi tauri. Koren ƙuda ya zo ya saka ƙwai, kafin ka ankara tsutsa ta shiga nama. Shi ya sa duk bazara sai in ji muryarki daga tsallake:

"Yaya Doyle, tsallako ka riƙe mini amarenka!"

"Ni da na fasa dutse, yau ni ne mai tsaron gindin kaza?"

"Wa ya ba ka gindi? Gaba aka ba ka. Gindi sai masu hankali."

Haka muke yi. In matse kaza a hammata, in rufe mata kai da tsumma, in kau da fuskata wajen dutse saboda wari, in kama ba ki labarin mutanen da. Ke kuma kina bayana da bahon ruwan ɗumi da almakashi, ina jin ƙas, ƙas. Wani lokaci ki katse ni:

"Bara ma ka ba ni wannan, kuma bara mutumin bai mutu ba."

Shekara da shekaru muna wannan aiki, Verlie, ban taɓa ganin abin da hannunki ke yi ba. Rabon da aka ba ni shi na sani.

Kashegarin jana'izarki na shiga akurki na ga wata babbar uwa cikin kajin ta ware gefe, ta sauke jela. Na ɗaga ta, wari ya buge ni. Hannuna kin san shi, kofin shayi ma da hannu biyu nake kai shi baki. Na matse ta tsakanin gwiwoyina, na fesa mata ruwa da mesa, na sa almakashi. Ta zabura, hannuna ya kauce, na ɗebe gashin har fata, jini ya ɗan tsattsafo. Na ce ba komai, na mayar da ita cikin 'yan'uwanta. Da yamma na dawo na tarar sun bi jan wurin nan da sara, sun yi mata rami. A cinyata ta ƙarasa.

A nan zaune na gane dalilin shuɗin yatsunki da nake tsokanarki a kai. Ashe shuɗin maganin nan kike shafa musu ya rufe jan, don kaza in ta ga ja ba ta bari. Na samo kwalbar maganin a kan kantar akurki. Amma kwalba ba ta riƙe kaza, ba ta riƙe almakashi. Yanzu rabinsu sun ɓaci. Ina tsoma su a ruwan ɗumi, in na riƙe gaba babu mai wanke baya, in na juya baya su fizge. Na rataye tarkon ƙuda, na share akurki har ƙirjina ya toshe. Zafi kuwa kullum ƙaruwa yake.

'Yarki Glenda ta kira ni a waya daga can jihar Ohio.

"Baba Doyle, ba za ka iya ba. Ranar Asabar zan zo da mai a-kori-kura ya kai su gwanjo."

"Tukunya za su ke nan. Kajin kakar uwarki ne fa."

"Ita ma kakar ai ci take yi, Baba."

"Sai dai ya loda ni tare da su."

"Zai loda ka, amma ba mai taya ka."

Muka yi dariya, sai na ji dariyarta ta koma kuka. Da ta natsu ta ce in ta zo ta same su tsaf, kuma akwai mai kama mini aikin, za ta bar su. In ba haka ba, ba za ta zuba ido tsutsa ta ci abin uwarta da rai ba. Gaskiya gare ta, amma ban yarda ba.

Ban taɓa roƙon kowa ba a kwarin nan, kowa shaida ne. Yau ina roƙo. Duk wanda ya girma da ƙwan Verlie, in hannunsa ba ya rawa, ya zo kafin Asabar. Aikin akwai wari, ba zan ɓoye ba. Ruwan ɗumi yana kan wuta tun safe.

Ina yi wa Glenda da 'ya'yanta ta'aziyya, da dangin Combs na nesa da na kusa, da jama'ar cocinmu. Allah ya ba mu haƙurin wannan rashi. Ubangiji, ka ji ƙan baiwarka Verlie, ka yafe mata, ka hutar da ita, ka saka mata abin da ta yi wa mayunwata a ɓoye. Ni kuwa ban roƙe ka tsawon kwana ba. Ka turo mini mutum ɗaya kafin ƙuda su riga shi.