Gurbin Dakta Zulkiflu

Ranar Asabar, 17 ga watan Mayu, 2025, Allah ya karɓi ran abokina Dakta Zulkiflu Garba, a gidansu da ke Tudun Wada, Zariya. Ya dawo daga sallar Azahar ya ce wa matarsa Rauda kansa na sarawa, ya kishingiɗa a tsakar gida, kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Na Allah ne mu duka, kuma wurinsa muka nufa. Mun kai shi makwancinsa kafin Magariba. Ya rasu 'yan watanni bayan ya sami aikin koyarwar da ya yi kusan shekara takwas yana nema.

Zulkiflu, na so in yi maka irin rubutun da ake yi wa mutanen kirki, in jera halayenka in yi addu'a in rufe. Amma abin da na gani a zaman makokinka ya tsaya mini a wuya, kuma ka san ni, ban iya haɗiye irin wannan ba.

Tare muka yi karatun Labarin Ƙasa, tare muka kai ga digirin dakta, tare kuma muka kwashi takardunmu muka kai wata kwaleji da ba zan kama sunanta ba, domin har yanzu akwai sauran masu kunya a cikinta. Aka ce mana an rufe ɗaukar sababbin malamai, sai dai cike gurbi. Wato sai malami ya yi ritaya ko ya mutu, sannan a sa wani a kujerarsa. Masu ritaya kuwa ba sa tafiya, ta bayan gida ake dawo da su a kan kwantiragi. Saura mutuwa ke nan. Aka ce kafin nan mu riƙa taimakawa da aji, mu koyar, mu duba jarrabawa, ba albashi, ba ofis, don in gurbi ya samu a tuna da mu.

Haka aka mai da mu, magidanta masu gemu da 'ya'ya. Akwai wata bishiyar dogon yaro a gaban sashenmu inda masu jira irinmu ke zama. A gindinta labarin rashin lafiyar malami ya fi sakamakon jarrabawa saurin yawo. Sai ka ji an ce, "An kwantar da Malam wane," a amsa da "Allah ya ba shi lafiya," sannan wani ya rage murya ya tambaya ko jikin ya yi tsanani. Duk lokacin da aka fara wannan hira sai ka kakkaɓe rigarka ka tashi. Har suna suka sa maka, wai Liman.

Abin da kake ci da iyali a shagon Izuchukwu kake samunsa, mai buga takardu a bakin kasuwar Tudun Wada. Can kake zama da yamma kana buga wa ɗalibai kundin bincikensu, har unguwa ta koma kiranka Dakta mai fotokwafi, kai kuma kana amsawa da fara'a. Bugawa kawai aka sa ka, amma ba ka iya ganin kuskure ka wuce. Na tuna wata ɗaliba daga Dutsen Abba da malaminta ya ajiye aikinta zango guda bai buɗe ba. Ka zaunar da ita a kan benci, kuka bi shi shafi-shafi har ta gane inda ta ɓata. Da ta ci, malamin ne aka yaba.

Ni ma ka ɗauke ni. Akwai shekarar da na gaji, na ce na bar zuwa, in sun ga dama su koyar da kansu. Kullum da safe sai in ji ƙarar tsohon babur ɗinka a ƙofar gidanmu a Tudun Jukun. Ka ce, "Mujahid, tashi mu tafi. Ɗaliban nan ba su san ba a ɗauke mu ba." In hau ina mita, kana dariya.

Ƙarshen bara Malam Nagoda ya rasu, dattijon da ke koyar da zanen taswira, wanda kai ka riƙe masa azuzuwansa tun da ya kwanta. Gurbinsa ya zo hannunka. Kada wani ya ce adalci aka yi. Masu tantance kwasa-kwasai ne ke tafe, dole a nuna musu dakta a wannan fanni, kuma duk cikin 'ya'yan manya da aka turo babu mai shi. Ranar da aka ba ka aikin na zo da murnata, na tarar da kai zugum. Ka ce, "Barka da me, Mujahid? Da mutuwar Malam?" Aka ba ka ofishinsa, ka hana a cire allon sunansa daga jikin ƙofa, naka kuma ba ka taɓa sawa ba. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai ka wuce Hanwa ka gaida matarsa, Hajiya Saratu, ka ji ko akwai abin da za a yi.

To, yanzu bari in gaya maka naka makokin.

Ba ka da ɗan'uwa namiji, don haka ni na zauna a ƙofar gida ina karɓar gaisuwa a madadin mahaifiyarka, Inna Ishatu. Ranar Lahadi da hantsi shugaban sashenmu ya iso. Mutanen da tun safe suke zaune a inuwa suka miƙe gaba ɗaya, kowa na neman ya faɗo kusa da shi a kan tabarma. Fuskokin da ban taɓa gani a gidan nan ba, duk shekarun da kake shagon Izuchukwu, ranar sun cika layin. Aka ɗaga hannu za a yi maka addu'a, sai ambulan ɗin takardun wani ya zamo daga cikin babbar rigarsa ya faɗi a gabana. Ya sa ƙafa ya take, yana cewa amin. Wani kuma, bayan ya gama yi mini "ya haƙuri", ya matso ya tambaye ni a kunne a wane mataki aka ɗauke ka. Kabarinka ko bushewa bai yi ba. Na ji ƙyamar da ban taɓa jin irinta ba, har ruwan da aka miƙo mini na kasa sha.

Da shugaban zai tafi ya ja ni gefe, kusa da motarsa.

"Malam Mujahid, gobe Litinin ka kawo mini takardunka da sassafe. An riga an fara bugo mini waya daga sama."

Na ce, "Ranka ya daɗe, gobe ne ƙarshen zaman makoki, kuma ni ke karɓar gaisuwa."

Ya ce, "Wanda ya tafi ya riga ya tafi. Kai ka dubi 'ya'yanka."

Na dube su, Zulkiflu, ba zan ɓoye maka ba. Shekaruna na jira daidai suke da naka, furfura ta fara fito mini, kuma na san ba kullum ake samun gurbi ba. Rauda ma da labari ya kai mata cikin gida, ta aiko cewa in je, ta yafe mini zaman. Litinin da safe na ɗauko takardun, na biyo ta gidanku na gaida Inna, na fito har zaure zan wuce makaranta. Sai ga Hajiya Saratu ta sauko daga a-daidaita-sahu za ta shiga wurin mata. Ta tsaya ta yi mini gaisuwa, ta ce, "Ɗan nan, lokacin rasuwar Malam, duk cikin mutanen makarantar nan abokinka kaɗai ya zo mana hannu sake, ba takarda a hammata." Ba ta san abin da ke ƙarƙashin rigata ba. Na koma na ajiye, na fito na zauna kusa da Izuchukwu, wanda ya rufe shagonsa tun Asabar bai buɗe ba.

Ranar Alhamis na je kwaso littattafanka. Na tarar an ba surukin wani babba gurbin, mutumin da ko fanninmu bai karanta ba. Allon sunan Malam Nagoda na yashe a baranda, an kafa sabo mai walƙiya. Kofin shayinka na nan a kan tebur, ba wanda ya ko kawar da shi. Ina fitowa shugaban ya tare ni da murmushi, ya ce sabon malamin zai ɗan ɗauki lokaci kafin ya saba, ko zan taimaka in riƙe masa azuzuwanka. Ya ce in gurbi ya sake samuwa za a tuna da ni.

Zan riƙe su, don ɗaliban nan ba su san abin da aka yi ba. Amma gindin bishiyar nan na bar shi har abada, kuma duk wanda ya sake kawo mini labarin jikin wani malami da wannan muryar, zai ji abin da bai taɓa ji daga bakina ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Ishatu, da Rauda, da 'ya'yanka Bahijja da Mubarak, da ɗalibanka waɗanda suka yi kuka na gaskiya. Allah ya ba su haƙuri, ya raya abin da ka bari, ya tsare su daga cin abinci ta hanyar jiran mutuwar wani. Kai kuma Zulkiflu, Allah ya jiƙanka, ya yafe kurakuranka, ya yalwata kabarinka, ya haɗa ka da Malam Nagoda cikin rahamarsa. Allah ya saukar da kai a gidan da ba sai wani ya tashi ba kafin a ba ka wurin zama.